Wasiyyar da Yaya Kaɗai Ya Ji

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baffa ya cika ranar Talata da hantsi a gadon asibiti a Dutsin-Ma, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Saura mako biyar a yi zaɓen shugaban ƙasa. Da son raina ne da ban sa zaɓe cikin ta'aziyyarsa ba, amma masu zuwa gaisuwa sun riga ni sawa.

Wan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina shekara huɗu, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da nasa 'ya'yan, matarsa Inna ta raine ni, daga gidansa aka kai ni ɗakin miji a Kurfi. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa. Duk wanda ya yi noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe ya san rumfarsa, ya san baƙin man da ya rine ƙasar wurin.

Bango ɗaya ya raba ɗakin Inna da zaure, don haka mu mata muna zaune muna jin masu gaisuwa. Manoma ne suka fara zuwa, wasu daga gona kai tsaye. Wani dattijo daga Kutawa ya yi addu'a, sannan ya ce, "Yanzu in inji ya mutu, sai dai mu yarda da abin da aka faɗa mamu." Mai sayar masa da kayan gyara, wani Kirista ɗan Kudu da ya tsufa a garin nan, shi ma ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarma. Muka ji yana cewa, "Shekara ashirin Malam bai taɓa yarda da ni ba. Kullum sai ya buɗe kwali ya juya ya duba, ya ce ba jabu ba ne? Amma bai taɓa zuwa shagon wani ba." Mutane suka yi 'yar dariya.

Da la'asar motocin 'yan wata jam'iyya suka tsaya a ƙofar gida. Mai magana da yawunsu ya yi doguwar addu'a, ya rufe da cewa Malam nasu ne tun asali, jam'iyya ta yi rashin uba. Washegari mutanen wata jam'iyyar suka zo, su ma da motoci, su ma suka ce nasu ne, har da ƙarin cewa bai taɓa ɓoye musu ba. Gwaggo, ƙanwar Baffa, tana jan carbi a gefen Inna. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Yana raye ko ɗaya bai same shi ba, yau ya kwanta sun raba shi biyu."

Wannan bai dame ni ba. Baƙi ne, sun faɗi abin da ya kawo su, sun tafi. Abin da ya hana ni sukuni daga cikin gida ya fito.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Yaya ya yi sallama ya shigo. Shi ne babban ɗan Baffa. Ya yi shekaru yana bin wani ɗan siyasa a mazaɓarmu, yana tara masa jama'a, yana sa ran in sun ci a sama masa aiki. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna. Mata sun fi goma a wurin, matan ƙannensa da 'yan'uwana mata da Gwaggo. Ya ce akwai saƙo a wuyansa. Ya ce kwana biyu kafin rasuwa Baffa ya riƙe hannunsa, ya ce bana kowa a gidan nan ya dangwala wa ɗan takarar jam'iyyar da Yaya ke yi wa aiki, kada a rarrabu. Ya ce ranar sadakar bakwai kowace ta fito da katin zaɓenta, zai rubuta lambobin ya kai wa manyansa, a san gidan Malam ya tsaya wuri ɗaya.

"Wasiyya ce," in ji shi. "Ni dai na sauke."

Wata cikin matan ta fara hawaye, ta ce, "Allah ya ba mu ikon cikawa." Aka ce amin. A wurinmu ba a gardama da maganar da mamaci ya bari, balle kabari bai bushe ba. Ni ma na ce amin, amma a leɓe ta tsaya. Na san mutumin da ake cewa ya yi wannan magana.

Shekarar da mijina zai sayi tsohon inji, ya roƙi Baffa ya raka shi. Suna isa mai injin ya kama igiya zai ja. Baffa ya ce ya dakata, ya ɗora bayan hannunsa a kan injin.

"Da ɗumi," ya ce. "Wa ya tayar da shi kafin mu zo?"

Mai injin ya ce rana ce ta buge shi.

"A inuwa?" in ji Baffa. "Gobe da sassafe za mu dawo. Kada kowa ya taɓa shi. Yadda ya kwana nike son in same shi."

Da suka koma da safe, aka yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, injin bai tashi ba.

Da wannan idon yake duban 'yan takara. Idan an yi gangami a gari, kowa ya dawo yana labarin cikar taro da daɗin jawabi, sai ya ce, "An ɗumama maku shi kafin ku je. Ku nemo mani yadda ya kwana." Nufinsa a binciko abin da mutumin ya yi a kujerar da ya riƙe a baya, lokacin da ba ya neman komai wurin kowa. Kuma shi da kansa yake nema. Direbobin da ke lodin tumatir daga Zobe zuwa Kudu, da masu dawowa daga ci-rani, su ne jaridarsa. In aka ce wane da yana gwamna ya gina hanya kaza, sai ya tare direba a rumfa ya ce, "Ka bi hanyar? Da ƙafar motarka, ko a waya ka gani?" Ba ya tsayawa kan tashar rediyo ɗaya. In biyu suka saɓa, ya ce da sauran aiki. In suka yi daidai kalma da kalma, ya ce takarda ɗaya aka ba su.

Gab da zaɓen da ya wuce ya tara matan gida a tsakar gida. Ya zana gidaje-gidaje da gawayi a jikin kwali, ya kawo shuni a marfin kwalba. Ya koya mana yadda ake dangwalawa yatsa bai tsallake layi ba, da yadda ake naɗe takarda tawada ba ta shafi wani gida ba, don kada ƙuri'a ta lalace. Ya sa kowace ta je firamare ta duba sunanta a takardun da aka manna, ta tabbata rumfar da za ta yi zaɓe ba ta canja ba. Amma a kwalin nan bai zana alamar kowace jam'iyya ba.

Gwaggo ta goge yatsa a gefen zani ta ce, "To Malam, mun iya dangwalawa. Wa za mu dangwala mawa?"

"Ke da kike juya kifi sau uku a kasuwa, ki danna cikinshi, ki shinshina, ki yi ma mai kifi faɗa, ni zan zaɓar maki shugaban ƙasa?"

"Kifi ai ina ganinshi."

"Wannan ma kina ganinshi. Ke ke cefane. Ke kika san ko kina bin hanyar ƙauye hankali kwance. Ki saurari kowa, ki tambayi wanda ya gani."

"Kai dai rowa gare ka, har ta suna."

Ya yi dariya, bai faɗa ba. Inna ta ce shekara arba'in da wani abu tana gidansa, sau ɗaya ta taɓa tambayarsa wanda ya zaɓa. Ya ce mata, "In na faɗa maki, ƙuri'ata ta zama biyu, taki ta zama babu."

Ba wai ba a taɓa yaudararsa ba. A waccan kakar zaɓen da ta wuce wani ya kunna masa murya a waya, aka ce wani ɗan takara ne yake zagin manoma. Ransa ya ɓaci, ya maimaita maganar a rumfa, cikin masu ji har da mutum uku daga Kurfi da suka kawo gyara. Bayan kwana huɗu wani malamin makaranta ya nuna masa muryar tsohuwa ce, kuma ta wani mutum ce daban. Ranar ya rufe rumfa da rana tsaka, ya hau babur ya zo Kurfi. Ko ruwa bai sha a gidanmu ba ya sa mijina gaba ya kai shi wurin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Na ukun ya tafi ƙauye, Baffa ya zauna ƙofar gidansa har mutumin ya dawo da la'asar.

"Maganar da na faɗa maka ranar Asabar," ya ce masa, "na zo in karɓi abina. Ƙarya ce."

"Haba Malam, don wannan ka taso? Ai ni na ma manta."

"Ka manta ni na faɗa. Maganar ba ka manta ta ba. Wa da wa ka faɗa mawa?"

Mijina ya ce sai da mutumin ya lissafo sunaye, Baffa ya sa shi ya yi alkawarin komawa wurinsu. Kuma iya sanina, ɗan takarar da ya yi wa wannan wahala ba ya cikin waɗanda ya taɓa yabo.

Ba zan ɓoye ba, zama da shi akwai gajiya. In ka ce an yi ruwa a Kurfi, sai ya tambaye ka ko ya jiƙa ka. Wannan hali shi ya jinkirta zuwansa asibiti wata da watanni, don bai yarda ciwon ya kai yadda ake faɗa ba. Da aka kwantar da shi ma sai an nuna masa kwalin magani kafin ya haɗiye. Akwai ranakun da na so a ce ya yarda da mutum haka kawai, ba tambaya.

Wanda ya fi kowa shan wannan hali shi ne Yaya. A zaɓen baya ma ya taɓa zuwa da takarda zai rubuta lambobin katin mutanen gida, ya ce duk wanda aka rubuta zai samu taki. Ina gidan ranar, na zo ganin gida.

"Takin gwamnati ne ko na ubangidanka?" in ji Baffa.

"Na gwamnati ne, Baba."

"To me ya haɗa shi da katin zaɓe? In kau nashi ne, me zai yi da lambar katin uwarka?"

"Baba, kowane gida sun bayar. Ni kaɗai za a ce na kasa gidanmu."

"Ranar zaɓe gidan nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Yaya ya naɗe takardarsa ya fita. Wata guda ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Cikin watan nan janareton da su Yaya suke kunna lasifika da shi a wurin gangami ya mutu. Yaya ya turo shi a baro har rumfa, ya ajiye ya tafi. Baffa ya bar aikin da ke hannunsa ya gyara shi a ranar. Da Yaya ya zo ɗauka ya ce masa, "Ka kula da mai, kuna zuba mashi mai datti. Ka kuma faɗa ma ubangidanka inji na gyara, ba shiga na yi ba."

Wannan mutumin ne aka ce ya riƙe hannun Yaya ya ce a haɗa gida wuri ɗaya. Da iyakar abin da na sani ke nan, da tun ranar na yanke cewa ƙarya ce. Amma na san wani abu kuma. Wata uku na jinya Yaya ne a kansa. Shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, ya bar tarurrukan ubangidansa ana tsakiyar kamfe. Baffa ya yi laushi. Zuwana na ƙarshe ya bi bayan Yaya da kallo, ya ce mini, "Yaron nan na matsa mashi da yawa." Mutumin da ya ga tafiya ta zo yana iya son ya bar wa ɗansa wani abu, Baffa kuwa ba shi da abin bari da ya wuce maganarsa. Don haka na kasa cewa ya faɗa, na kasa cewa bai faɗa ba. Abin da na tabbata shi ne, in aka bayar da katunan nan, har abada za a ce Malam mai gyaran inji ya mutu yana ɗan jam'iyya, kuma mata goma sha za su dangwala da yatsan mamaci.

Rana ta biyar da safe na sami Yaya shi kaɗai a zaure yana naɗe tabarmi. Na gaishe shi, na durƙusa.

"Yaya, wa ke ɗakin lokacin da Baffa ya yi maganar?"

"Ni da shi."

"Inna fa?"

"Ta fita."

"Shi ya ambaci sunan mutumin, ko kai ka ambata?"

Ya ajiye tabarmar ya daɗe yana dubana. "Wata uku ina wanke shi, kina Kurfi. Yau ke ce za ki titsiye ni a zauren ubana?"

Gaskiya ya faɗa, na ji kunya har cikin ƙashina. Sai da na koma ciki na lura tambayar ba ta samu amsa ba.

Na tambayi Inna a keɓe. Ta ce, "Na fita neman ruwan zafi. Da na dawo na same su hannu cikin hannu, wancan yana kuka. Abin da aka faɗa ban ji ba." Yaya take nufi da "wancan".

"Inna, kina jin zai faɗi haka?"

"Abin da ban ji ba, ba ni cewa an faɗa, ba ni cewa ba a faɗa ba."

Ranar bakwai aka yi addu'a, aka raba waina, baƙi suka ragu. Matan gida suka taru a ɗakin Inna, kowace da katinta, wata a ƙulle a bakin zani, wata a cikin jaka. Nawa yana hannuna, ban san abin da zan yi da shi ba. Yaya ya zo da littafi da biro ya durƙusa a bakin ƙofa.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce mai alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana ba. In tana da saƙo, sai ta bi ta bakin wani, ko da yana zaune a gabanta. Ranar ma fuskarta na wajen bango, ta yi wa Gwaggo magana.

"Hajiya, ki ce ma wancan ban ƙaryata shi ba. Tsakanin uba da ɗa, Allah ne shaida."

Gwaggo ta juya ta ce, "Ka ji."

"Na ji, Inna."

"Ki ce mashi kwana goma sha ɗaya ina gefen gadon nan a asibiti. Malam ya bar mani wasiyya kan injinan mutane da ke rumfa, wannan na wane, wancan na wane. Ya faɗa mani wanda zai yi mashi wanka. Bai ce mani komai kan zaɓe ba. Da ni yake nufi, da ni ya faɗa mawa, bakinshi bai mutu ba. Shi aka ba saƙo, shi ke da shi. Ya je ya cika ma ubanshi, ya dangwala inda aka ce mashi. Yatsa ɗaya gare shi na wannan aiki, kamar kowa."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Inna, gidan duka ya ce."

"Ki ce mashi ni takaba nike, ranar zaɓe ba inda zan je, katina a akwati zai wuni. Waɗannan kau ɗiyan mutane ne da matan mutane. Ban da iko da yatsunsu."

Matar Yaya ta miƙa masa katinta, ya rubuta. Wata ƙanwarmu ma ta miƙa, ta ce ita dama can mutumin take so. Inna ba ta hana su ba. Sauran suka zauna hannu a cinya. Gwaggo ta mayar da nata bakin zani ta ƙulle, ta ƙara ƙulli na biyu. Yaya ya jira kaɗan, ya rufe littafin, ya ce, "Allah ya ƙara haƙuri," ya tashi.

Washegari zan koma Kurfi. Na fito da kayana ina neman mai babur, sai na ga Yaya a ƙofar gida ya riga ya tayar da nasa. Bai ce in hau ba, ya dai karɓi jakar ya ɗora a gaba. Ya kai ni har tasha. Na sauka, na yi godiya, ya riƙe jakar bai sake ba. Idonsa yana kan motocin da ke lodi.

"Ni na ambaci sunan," ya ce. "Na ce Baba, bana ka taimake ni, ka ce a bi ni. Sai ya matse hannuna. Da ƙarfi." Ya gyara riƙon jakar. "Har yanzu ban sani ba, amsawa ce ko ciwo ne ya taso mashi."

Na ce, "Allah ya sani, Yaya."

Ya miƙo mini jakar, ya ce in gaida mai gidan.

Ya Allah, ga bawanka ya zo, tambayoyinsa sun ƙare, naka suka rage. Ka sassauta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka yafe masa tsananin da ya yi mana, mu mun yafe. Ka ba Inna haƙurin takaba. Ka saka wa Yaya da alherin wata ukun nan, Ka sauke masa abin da ya ɗauko daga ɗakin asibiti. Mu da muka rage, saura wata guda mu shiga layi, kuma har yau ban yanke wanda zan zaɓa ba. Ka nuna mana gaskiya tun muna da sauran lokacin tambaya.